Gangara, Kwana da Mararraba: Inda Hanyar Ƙauye Ke Kayar da Mai Keke

Ranar Lahadin farko ta watan Oktoba, tun kafin gari ya waye, ƙauyen Gaiole da ke lardin Siena a yankin Tuskani na ƙasar Italiya yakan cika ya batse. Mazaunansa ba su kai dubu uku ba, amma a wannan rana dubban mahaya keke ne ke yi masa tsinke daga ƙasashe daban-daban, sanye da rigunan ulu irin na kakanninsu, kowa riƙe da tsohon keken ƙarfe. Sunan taron L'Eroica. Wani ɗan yankin mai suna Giancarlo Brocci ne ya ƙirƙiro shi a 1997, kuma mutum 92 kacal suka fita a karon farko. Ƙa'idarsa ita ce a zo da keke ƙirar 1987 ko kafin nan, ko wanda aka yi bisa wannan tsohon fasali. Mafi tsawon zagayen kilomita 209 ne, kuma an kafa masa alamomi na dindindin, ta yadda baƙo zai iya binsa a kowane lokaci na shekara.

Abin da ke jan mutane shi ne ƙasar kanta. Tudu ne bayan tudu, gonakin inabi da na zaitun sun lulluɓe su, hanya tana hawa tana sauka ta gefen tsohuwar fadar Brolio, ta nufi Montalcino, ta biyo ta Asciano kafin ta komo gida. Wani ɓangare kwalta ne, wani kuma farar hanyar burji ce mai tsakuwa, wadda dama don a hana malala mata kwalta aka kafa taron. Babu cunkoso, babu hon, babu hayaƙi. Mutum zai iya tafiya mai nisa bai haɗu da mota ko ɗaya ba.

Wannan shirun ne ke yaudarar mahayi. A cikin birni kowa a ɗarare yake, ido a buɗe, yatsu a kan birki. A hanyar ƙauye kuwa hankali yakan kwanta, gudu ya ƙaru, direban mota ma ya taka mai tun da yana ganin hanyar tasa ce shi kaɗai. Alƙaluman ma'aikatar sufurin Biritaniya sun sha nuna cewa fiye da rabin masu keken da ke mutuwa a haɗari a ƙasar a hanyoyin karkara suke mutuwa, alhali mafi yawan zirga-zirgar keke a garuruwa ake yin ta.

Hawan tudu yana cin ƙarfi, ya sa mutum haki da gumi, amma da wuya ya halaka shi. Gangara ce mai kisa. A ranar 8 ga Maris 2025, a gasar ƙwararru ta Strade Bianche wadda aka fara a 2007 a kan waɗannan hanyoyi, Tadej Pogačar ɗan ƙasar Sulobeniya yana kan gaba, sanye da rigar zakaran duniya. Saura kimanin kilomita 50 a kammala, ya shiga wata kwana a gangaren kwalta da gudun da ya wuce kima. Taya ta zame, ya sha ƙasa, ya yi ta ja har ya faɗa cikin ƙayoyin gefen hanya. Ya tashi riga a yage, kafaɗa da hannu jina-jina. Ya dai koma kan keke, ya kamo abokin takararsa Tom Pidcock da ya wuce gaba, har ya ci gasar. Daga baya shi da bakinsa ya amsa cewa gudu ne ya yi masa yawa, a hanyar da ya sani sarai. Wannan fa mutum ne da ba shi da na biyu a sana'ar, a hanyar da aka rufe wa motoci, ga likita yana biye da shi a mota.

Lissafin ba shi da wuya. Idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da keke ke bukata kafin ya tsaya tana ninkawa sau huɗu. Wanda ya faɗi yana gudun kilomita 50 a sa'a, ƙarfin da yake ɗauke da shi daidai yake da na wanda ya faɗo daga tsayin kusan mita 10, wato kamar daga saman bene mai hawa uku. Kuma a gangara mai tsawo keke yana kaiwa wannan gudu ba tare da an taka feda ko sau ɗaya ba.

Shi ya sa gwanaye ke rage gudu kafin su shiga kwana, ba bayan sun shige ta ba. Wanda ya damƙe birki keke yana karkace, musamman a kan tsakuwa ko yashin da ruwa ya kwaso ya zube a bakin kwalta, tayar gaba za ta kufce masa kafin ya ankara. Birkin gaba shi ne mai ƙarfin tsayarwa, amma a hankali ake matsa shi tare da na baya, mahayi ya ja jikinsa baya a kan sirdi. In aka fizge shi lokaci guda, sai mutum ya tashi ta saman kan keken. A doguwar gangara kuma ba a riƙe birki a matse tun daga sama har ƙasa, don robar takan yi zafi ta daina kamawa. Matsawa ake yi ana saki. In an yi ruwa, robar tana bukatar taya ta juya wasu 'yan zagaye kafin ta share danshin ta kama.

Mai karatu da ya san hanyoyin Filato, ko gangaren Kagoro, ko tuddan Biu, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Tsakuwar Tuskani da jar ƙasar burji halinsu ɗaya a ƙarƙashin siririyar taya. Bambancin shi ne a nan keke abin neman abinci ne. Ga manomi ya ɗaure buhun masara a kariya ranar kasuwa, robar birkin baya ta cinye tun bara, na gaba an ɗaure shi da waya, in gangara ta zo sai ya danna silifas a kan taya yana jan ƙafa. Nauyin buhun yana ƙara tura shi, kuma silifas ba ya tsayar da mutum da buhu. Robar birki tana cikin kayan keke mafi araha, kuma duk mai faci a bakin kasuwa zai sauya ta cikin 'yan mintuna. Haka yaran da ke kama bayan tifa ko tirela don ta ja su hawan tudu: direba ba ya ganinsu ta madubi, kuma rami ɗaya ya isa.

Sai mararraba. Michele Scarponi, wanda aka ba kambun gasar Giro d'Italia ta 2011, ya fita atisaye da safiyar 22 ga Afrilu 2017 a kusa da garinsu Filottrano, wani ƙaramin gari a kan tudu. A wata mahaɗar hanya da ya saba bi kullum, motar ɗaukar kaya ta karyo kwana ta buge shi, ya mutu nan take yana da shekara 37. A ƙauye, inda ƙaramar hanya ta fito daga gona ko daga bayan shinge, direba mota yake dubawa, idonsa yakan tsallake keke. Abin da ya dace shi ne mahayi ya ɗauka ba a gan shi ba har sai ya haɗa ido da direban. Tufafi masu haske, fitila fara a gaba da ja a baya, sun fi zama dole da asuba, da almuru, da lokacin hazon hunturu.

Hular kwano ma sai da aka yi asarar rai kafin ƙwararru su karɓe ta. Fabio Casartelli ya mutu a gangaren wani dutse a gasar Tour de France ta 1995, kansa ba hula. Andrei Kivilev ɗan Kazakistan ya bi bayansa a Maris 2003 a gasar Paris-Nice, kuma a wannan shekarar ce hukumar tseren keke ta duniya ta wajabta hular a gasanninta. Ba ta hana karaya, ba ta kuma iya wa tayar tirela komai, amma tana rage munin bugun kai, wanda shi ne ya fi kashe masu keke.

Akwai wani haɗarin da ba a cika tunawa da shi ba, wato faɗuwa inda babu mai gani. A Satumba 2024, a gasar fidda zakarun keke na duniya da aka yi a Zurich ta ƙasar Suwizalan, Muriel Furrer mai shekara 18 ta faɗi a wata gangara cikin kurmi ana ruwan sama. Ta shafe fiye da sa'a guda a kwance kafin a gano ta, washegari ta rasu a asibiti. Idan haka ta faru a tsakiyar gasa mai jami'ai da kyamarori, to mai fita shi kaɗai ya kamata ya gaya wa na gida hanyar da zai bi da lokacin da zai dawo, ya riƙe waya mai caji, da ruwan sha, da famfo da kayan faci.

Direbobi su ma suna da nasu kason. Biritaniya ta sa a cikin ƙa'idojin hanyarta a Janairu 2022 cewa mai mota ya bar wa mai keke tazarar aƙalla mita ɗaya da rabi in zai wuce shi, Italiya ma ta shigar da irin wannan tazara a dokarta a Disamba 2024. Dalilin a fili yake: mai keke yakan kauce wa rami ko tsakuwa ba shiri, kuma iskar babbar mota kaɗai tana iya tunkuɗe shi. A kan tudu ko a kwanar da ba a hango gaba, babu wurin ba da wannan tazara, don haka direba sai ya rage gudu ya bi bayan keken har hanya ta buɗe.