Ciwon gwiwa: Ba kowane ɗingishi ke buƙatar hoto ba

A hutun da ya wuce na koma gida Tambuwal, na tarar da ƙanina mai shekara 14 yana ɗingishi. Bai faɗi ba, ba a kuma taka shi a filin ƙwallo ba. Ƙasan ƙoƙon gwiwarsa ne ya yi ɗan tudu, in ya yi gudu ko ya durƙusa sai zafi. Inna har ta fara maganar sayar da akuyarta don a kai shi Sakkwato a ɗauki hoto.

Kafin nan muka fara zuwa asibitin da ke kusa. Likita ya yi tambayoyi, ya lallatsa wurin, ya sa shi ya lanƙwasa ƙafar ya kuma taka. Sai ya ce ciwon masu tasowa ne da ake kira Osgood-Schlatter, sunan likitoci biyu da suka bayyana shi a 1903. Ƙashi ne ke saurin girma, jijiyar da ta sauko daga ƙoƙon gwiwa tana jan inda ta manne da ƙwauri. Maganinsa rage ƙwallo da tsalle, ɗora ƙanƙara a cikin tsumma na minti 15, da motsa jiki mai miƙar da naman cinya. Yakan tafi da kansa idan girma ya kammala.

Me ya sa bai rubuta hoto ba? Eksire ƙashi yake nunawa sosai, ba ya nuna yagewar jijiya ko guringuntsi. Wannan aikin MRI ne, mai tsada, wanda sai an je manyan asibitoci. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato kusan kilomita 100 ne, ɗan Kebbe kuwa tafiyarsa ta fi haka. Ga kuɗin mota, ga na hoto, ga darasin da za a rasa, alhali sau da yawa hoton ba ya canja maganin.

Amma akwai lokacin da jira kan jawo nakasa. A shekarun 1990 likitoci a birnin Otawa na Kanada suka fitar da ƙa'idar gane wanda ke buƙatar eksire bayan ya bugu. Daga ciki akwai wanda ya kasa yin taku huɗu, da wanda ya kasa lanƙwasa gwiwa kamar mai zaune kan kujera, da mai jin zafi idan an danna ƙoƙon gwiwar shi kaɗai.

Haka nan a tafi asibiti a ranar idan gwiwa ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, musamman ga mai sikila. Ciwon da ke tashin mutum cikin dare, ko gwiwar da ta maƙale ta ƙi miƙewa, su ma ba na jira ba ne. Kada kuma a bari a yi ɗori kafin likita ya duba, domin ɗauri mai tsanani na iya toshe hanyar jini har a rasa ƙafa.

Ɗalibai, kada ku ɓoye ciwo don tsoron a cire ku daga wasa. Ku gaya wa iyaye ko malamin wasanni, likita ya duba, shi zai ce a huta ko a ɗauki hoto. Ƙanina dai ya koma fili bayan wata biyu, akuyar Inna kuma tana nan a turke.