Layin Ƙofar Gidanku: Wa Ke da Alhakin Gyara Shi, Kuma Ina Kuɗin?

Duk wanda ya yi damina a birnin Katsina ya san wannan magana: "Hajiya, ki yi haƙuri, nan zan tsaya, layin nan ba ya shiguwa." Mai Napep ne ke faɗa wa uwar gida da ta dawo daga babbar kasuwa da kayan cefane, goye da yaro. Tun daga Ƙofar Ƙaura kwalta ce sumul, har da gadar ƙasa. Amma da an karya kwana an shiga unguwa sai taɓo da kwatami. Ko dai ta ƙara masa kuɗi, ko ta tattare zani ta ƙarasa da ƙafa. Da rana ke nan. In da tsakar dare ne kuma naƙuda ta taso, lissafin ya wuce na ɗari biyu ko ɗari uku.

Idan aka zauna hira sai a ce "gwamnati ta ƙi gyara mana hanya". To wace gwamnatin? A Nijeriya hanyoyi gida uku ne. Akwai na tarayya, irin wadda ta taso daga Kano ta ratsa Katsina ta nufi Jibiya. Akwai na jiha. Sai kuma na ƙananan hukumomi, wato layukan unguwanni da hanyoyin ƙauyuka, waɗanda su ne kusan kashi biyu cikin uku na dukkan hanyoyin ƙasar nan. Tsarin mulki na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya ɗora wa ƙaramar hukuma gina tituna da kula da su, da magudanan ruwa, da fitilun kan hanya, da tashoshin mota, har da raɗa wa layuka suna da sa wa gidaje lamba. Wato layinku, da lambatun da ya toshe a bakinsa, a takarda na ƙaramar hukuma ne.

Matsalar ita ce wanda aka ba kaya mafi nauyi shi ne mai ƙaramin rabo. A duk naira 100 da ake rabawa daga asusun tarayya, ban da harajin VAT da ke da nasa tsarin, gwamnatin tarayya na ɗaukar naira 52.68, jihohi 26.72, sannan ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. Jihar Katsina na da 34 daga cikinsu. Kafin a zo maganar kwalbati, sai an fitar da albashin malaman firamare, da na ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi, da fansho, da kason masarauta. Shekara da shekaru kuma kuɗin ba ya zuwa hannun shugaban ƙaramar hukuma kai tsaye, sai ya biya ta asusun haɗin gwiwa da jiha, wanda sashe na 162 na tsarin mulki ya tanada.

Sai mu dubi dokokin da Abuja ta yi domin samar wa hanyoyi kuɗi, mu ga ina ƙaramar hukuma ta faɗo a ciki.

A 2002 aka kafa FERMA, hukumar gyaran hanyoyin tarayya. A 2007 aka yi wa dokarta kwaskwarima, aka ce a riƙa cire kashi 5 cikin ɗari na farashin kowace litar fetur da gas domin gyaran hanya. FERMA ta ɗauki kashi 40 na abin da aka tara, hukumomin gyaran hanya na jihohi su ɗauki 60. Tunanin mai kyau ne: wanda ya fi hawa hanya shi ya fi shan mai, don haka shi ya fi biya. Haka Amurka ke yi tun 1956, Ghana ma na da asusun hanya da ke samun kuɗi daga mai, kuma hanyoyin karkara na da kasonsu a ciki. Namu kuwa abu biyu ne ya same shi. Na farko, an yi ta kokawa, har a majalisa, cewa kuɗin bai taɓa shiga yadda doka ta ce ba. Na biyu, ko da ya shiga, babu ko sisi da aka rubuta da sunan ƙaramar hukuma. Ɗan acaɓan da ke wuni yana kutsawa layukan Sabuwar Unguwa zai biya harajin a gidan mai, amma sai jiha ta ga dama layin zai ga yashi. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta sake ɗauko wannan kashi 5, abin da ya tayar da ƙura a ƙasa, har gwamnati ta fito ta ce ba za a fara karɓa ba sai ministan kuɗi ya ba da umarni.

Sai bashin Sukuk da aka fara a 2017 da naira biliyan 100. Ya yi aiki, babu mai musu, amma kan manyan hanyoyin tarayya aka zuba shi.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne umarnin shugaban ƙasa mai lamba 007, da marigayi Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ya ba manyan kamfanoni damar gina hanya, sannan a cire abin da suka kashe daga harajin da ya kamata su biya. Kamfanin Dangote ya yi hanyar Obajana zuwa Kabba ta wannan tsari, NNPC kuma ya karɓi hanyoyi 21 a 2021 kan kuɗi sama da naira biliyan 621. A ido abin sha'awa ne. Amma harajin kamfanoni asusun tarayya yake shiga, inda kowa ke da rabo. Duk nairar da aka yafe wa kamfani, akwai kwabo 20 da ɗoriya na ƙananan hukumomi a ciki. Ma'ana, Kaita da Rimi da Batagarawa sun sa hannu a gina titin da ke wata jiha, ba tare da an tambaye su ba, alhali hanyar da manominsu zai fito da gero tana nan yadda kakanni suka bar ta. Ba na cewa kada a gina waɗancan hanyoyi. Motar sumunti da ta taki ta kansu suke biyowa su iso mana. Amma da an ware ko da ɗan wani abu na layuka da hanyoyin ƙauye a cikin tsarin.

Dattawa kan tuna zamanin PTF, asusun rarar mai da Buhari ya shugabanta a mulkin Abacha, lokacin da kuɗin mai ya shigo har cikin gari aka ga kwalta da magani a asibiti. An rushe shi a 1999. Mafi kusa da shi yau ta fuskar karkara shi ne shirin RAAMP na Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Faransa, wanda Katsina ke ciki. Shi ma bashi ne, kuma ta hannun jiha yake bi.

Abu biyu sun canza kwanan nan. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin da ake rabawa duk wata ya ƙaru sosai, duk da cewa sumunti da rodi da gas ɗin gireda su ma sun yi tashin gwauron zabi. Sannan ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma kada a ba kantomomin riƙo da ba zaɓaɓɓu ba. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa. Ko an aiwatar ma, ba ya nufin gobe za a ga katafila a layinku, domin shugaban ƙaramar hukuma na iya cin amana kamar kowa. Bambancin dai shi ne ofishinsa ba nisa, kuma ana haɗuwa da shi a wurin jana'iza da ɗaurin aure.

Ga kuma jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ranar da ya fara aiki, tumatir da albasa sai sun iso tasha kafin su hau shi. Hanyar da za ta kawo su daga gona tana cikin wancan jadawali na huɗu.

Ga masu ƙungiyar unguwa da ke shirin kai koke, sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa na rage wahala. Ramin da ke kan titin Kano ko na Jibiya na FERMA ne. Manyan titunan cikin gari na jiha ne, hukumarsu KASROMA. Layi da lambatu da kwalbati kuwa, a fara da kansilan mazaɓa da sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, a rubuce, a kuma riƙe kwafi. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa na wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma duk wata a intanet, ana iya dubawa ta waya kafin a je. A kai takardar tun wajen watan Oktoba, lokacin da ake haɗa kasafin baɗi, kada a bari sai ruwan Yuli ya shigo zaure.