Gidan alfarma da ke sanyaya kansa: darasi ga masu gini a Abuja

A Maitama da Asokoro da Guzape, an daɗe ana auna gidan alfarma da faɗin gilashinsa da ƙyallin tayil da girman janareton da ke ruri a bayansa. Wannan ma'auni ya fara sauyawa tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da kuma ƙarin kuɗin lantarki da hukumar NERC ta yi a Afrilun 2024, inda masu rukunin A suka koma biyan naira 225 kan kowane yunit. Gidan da ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki dare da rana ya zama nauyi a wuyan mai shi, musamman ma'aikacin da ke gini domin ritaya.

Da yawa suna ɗauka cewa gida mai kiyaye muhalli shi ne wanda aka jera wa faifan sola a kan rufi. Masu zanen gine-gine kuwa suna farawa ne daga yadda gidan ya zauna a kan fuloti. Abuja na kusa da tsakiyar duniya, don haka rana kan ratsa ta saman kai da tsakar rana, amma da hantsi da la'asar tana dukan bangon gabas da na yamma kai tsaye. Saboda haka ake miƙar da dogayen bangaye su fuskanci arewa da kudu, a zuba manyan tagogi a can, inda baranda za ta tare hasken. Ɓangaren yamma, wanda ya fi shan zafi, ana ba shi garejin mota da sito da matakala, a dasa masa itatuwa.

Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine a 2017, wadda ta taɓo girman tagogi da yi musu inuwa da sanya abin tare zafi a ƙarƙashin rufi. Batun rufin ya fi komai muhimmanci, domin nan ne rana ta fi daɗewa. Francis Kéré, ɗan Burkina Faso da ya zama ɗan Afirka na farko da ya lashe kyautar Pritzker a 2022, ya nuna hanya a makarantar firamare ta Gando: ya ɗaga kwano sama da silin na ƙasa, ya bar tazarar da iska ke bi ta kwashe zafin kafin ya sauko ɗaki.

Sai kuma bango. Magabata a Kano da Zariya sun gina soraye da tubali mai kauri, wanda ke shan zafin yini a hankali ya sake shi da dare. Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta sun sabunta wannan hikima a gidajen Niamey 2000 da aka kammala a Yamai a 2016, inda suka yi amfani da bulon ƙasa da aka matse da inji, tare da tsakar gida mai inuwa da ke kiyaye sirrin iyali. Wannan bulo yana buƙatar siminti kaɗan, alhali sarrafa siminti na cikin manyan hanyoyin fitar da iskar da ke ɗumama duniya. Sai dai Abuja ta fi Yamai ruwan sama nesa ba kusa ba, don haka dole a ɗora bangon a kan harsashin dutse ko kankare, a kuma tsawaita bakin rufi.

Ruwan saman shi ma dukiya ne. Milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ke nan. Tunda Abuja na samun sama da milimita 1,000 a shekara, rufi mai murabba'in mita 300 zai iya karɓar lita 300,000, kafin a cire abin da ya zube. Tankin ƙasa mai kyau zai rage dogaro da rijiyar burtsatse wajen ban ruwan lambu da wankin mota.

Bayan duk wannan ne sola da batir ke shigowa. Gidan da ya riga ya rage zafinsa ba ya buƙatar faifai da batura masu yawa, su ne kuwa suka fi cin kuɗi. A tsananin zafin Maris za a kunna na'urar sanyaya ɗaki, amma na 'yan sa'o'i.

Juya fuskar gida a kan takardar zane ba ya cin ko kwabo, amma da zarar an zuba harsashi magana ta ƙare. Don haka, kafin mai gida ya sa hannu a kan zane, ya dace ya tambayi mai zanen inda rana za ta faɗi a gidan da ƙarfe huɗu na yamma.