Kirikiri, Burgu da Gamba: Abubuwan Ban Mamaki 15 Game da Ciyawa a Lokacin Bazara

A watan Afrilu, idan ka taso daga Sakkwato ka bi hanyar Achida zuwa Wurno da Goronyo, ƙasa duk ta yi ja, iska kuma kamar daga bakin murhu take fitowa. Amma shiga wani gida ka duba gindin randa, ko inda maigida yake alwala. Za ka ga ɗan tsiron ciyawa kore shar, ya shimfiɗe a ƙasa, bai fi faɗin faifai ba. Babu wanda ya shuka shi. Ɗigon ruwan buta kawai yake samu, ya kuma rayu. Wannan tsiro da 'yan uwansa na fadama da jigawa suna da labarai da yawa. Ga kaɗan daga ciki, musamman ga mai son ganin kore a tsakar gidansa.

1. Tuwon da muke ci ma ɗan gidan ciyawa ne

A Sakkwato da kewaye an fi cewa haki, a Kano a ce ciyawa. Ko wane suna aka kira ta da shi, danginta suna da yawa, sun haura iri dubu 11 a duniya. Gero da dawa da maiwa da masara da alkama da rake da gora duk 'yan ɗaki ɗaya ne da ita. Shinkafar da ake nomawa a fadamar Wurno ciyawa ce da ɗan Adam ya zaɓa ya rena shekaru dubbai. Manomin da ke cire haki a gonar gero yana raba 'yan uwa ne, ya bar wanda zai ciyar da iyalinsa.

2. Me ya sa yanka ba ya kashe ta?

Yawancin tsirrai daga kai suke tsawo, idan aka fille kan sai su tsaya. Ita ciyawa daga gindi take turo ganye, dab da ƙasa, inda haƙorin saniya da bakin lauje ba su cika kaiwa ba. Shi ya sa garke zai kwashe fili yau, bayan kwana kaɗan da ruwa ya sauka ka ga ya sake tofowa. Wannan baiwa ce ta sa kiwo ya yiwu a ƙasa irin tamu.

3. Kirikiri: a gida ciyawar banza, a waje abin sayarwa

Tsiron nan na gindin randa shi ne kirikiri. Turawa suna kiransa da sunan tsibirin Bamuda, alhali ba can ne asalinsa ba, daga wannan ɓangaren duniya namu aka kai shi. A kudancin Amurka da sauran ƙasashe masu zafi, da shi da ire-irensa ake shimfiɗe filayen ƙwallo da harabar gidaje, ana sayen irinsa da tsada. Yana yaɗo ta sama, yana kuma yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa. Kowace gaba ta taɓa ƙasa mai laima sai ta yi saiwa. A ƙasa mai taushi, saiwarsa na iya nutsawa har mita 2. Mutumin Rabah da ke son kore a gidansa ba sai ya aika Abuja ba. Irin yana bakin rijiya da gefen lambu.

4. Wanda ya bushe ba lallai ya mutu ba

Idan rani ya tsananta, kirikiri yakan yi fari fat kamar ya ƙone. Barci yake yi. Ya janye rayuwarsa zuwa jijiyoyin ƙarƙashin ƙasa yana jiran ruwa. Ga yadda za ka gane: kama ɗan damƙi ka ja. Idan ya taso cikin sauƙi kamar tsohuwar tabarma, ya mutu. Idan ya riƙe ƙasa gam, ka kuma tona ka ga jijiya fara mai ɗanye, to yana nan da ransa. Kada ka sa masa fartanya, kada ka cinna masa wuta. Ruwan farko na watan Yuni zai tashe shi.

5. Lissafin da ya kamata a yi kafin a shuka

Masana lambu suna ƙiyasta cewa filin ciyawa yana buƙatar ruwa kamar milimita 25 a mako domin ya zauna kore. Ma'ana, lita 25 ga kowane murabba'in mita, jarka ɗaya ke nan cur. Fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10 zai sha lita 2,500, wato jarka 100 duk mako. A bazarar Sakkwato, inda zafi ke wuce digiri 40, abin zai fi haka. Wanda yake sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa ya san abin da jarka 100 take nufi. Saboda haka hikima ita ce a shuka kaɗan: faɗin tabarma biyu ko uku, a inda ruwan alwala da na ɗauraye kwanuka yake gangarawa. Ruwan wanki mai yawan sabulu kuwa a kai shi wani wuri, domin yana ɓata ƙasa a hankali.

6. Yayyafi kullum yana lalata saiwa

Mutane da yawa suna ɗaukar cewa ɗan yayyafi safe da yamma shi ne kulawa. Akasin haka ne. Ruwan da bai wuce saman ƙasa ba yana koya wa saiwa zama a sama, rana ɗaya aka fasa sai ta ƙone. Gara a shayar da fili sosai sau biyu ko uku a mako, ruwan ya ratsa ƙasa, saiwa ta bi shi. Lokacin da ya fi shi ne bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga. Ƙasar jigawa mai rairayi tana saurin tsotsewa, ta fi son a riƙa maimaitawa. Lakar fadama tana riƙe ruwa, idan aka cika mata sai saiwa ta ruɓe.

7. Dam ɗin Goronyo ma ya taɓa ganin gindinsa

An kammala madatsar ruwa ta Goronyo a kan kogin Rima a 1984, tana iya ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942. Daga gare ta manoman rani na Goronyo da Wurno suke samun ruwa, haka ma birnin Sakkwato. Duk da wannan girma, a farkon 2018 ruwanta ya ja baya har abin da ya saura ya koma kusan kashi 10 cikin 100. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa a yankinmu ruwan sha da na albasa da tafarnuwa da shinkafa shi ne a gaba, na ado yana biye.

8. Ƙasar da ta fi shayar da ciyawa a kan masara

Wani bincike da aka yi da hotunan tauraron ɗan Adam a 2005 ya ƙiyasta cewa ciyawar ado a Amurka ta mamaye fili kusan ninki uku na masarar da ake yi wa ban ruwa a ƙasar. Yanzu su ma sun fara jin jiki. A 2021 jihar Nebada, wadda hamada ce kamar arewacinmu, ta yi dokar cire ciyawar da ba a amfani da ita a yankin birnin Las Begas, an ba da wa'adi zuwa ƙarshen 2026. Hukumar ruwan yankin har biyan mutane take yi su tuge ciyawa su dasa tsirrai masu jure ƙishi.

9. Injin yankan ciyawa daga masaƙa ya fito

A 1830 wani Bature a Ingila mai suna Edwin Budding ya ga injin da ke aske gashin yadi a masaƙa, sai ya yi tunanin ƙera irinsa domin ciyawa. Kafin nan, lauje da tumaki ne suke wannan aiki a gidajen masu hali. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, shugaban Amurka Woodrow Wilson ya saki garken tumaki a harabar fadarsa domin rage kashe kuɗi, aka yi gwanjon gashinsu aka ba ƙungiyar agaji. A 2009 kamfanin Google ya yi hayar awaki kusan 200 su share masa fili. Ragon layyar da ke turke a gidanka zai iya wannan aiki, muddin ba a bar shi ya ci har gindi ba. Jar akuyar Sakkwato kuwa ta fi son ganye, don haka a kewaye 'yan dashe da ƙaya.

10. Dokar kashi ɗaya cikin uku

Kada a yanke fiye da sulusin tsawon ganye a yanka ɗaya. Ganye shi ne madafin tsiro, idan aka aske shi ƙwal a tsakiyar zafi, saiwa ce ke jin yunwa. A wasa lauje ko almakashi, domin dakusasshen ƙarfe yage ganye yake yi, bakin ya bushe. Amma kada a bar ta ta yi duhu a bayan ɗaki, musamman da damina, domin nan ne maɓoyar maciji da wurin hutun sauro. Shi kuma ƙamshin nan da ake ji idan an yanka ɗanyar ciyawa, sinadarai ne da take fitarwa saboda raunin da ta samu.

11. Taki ɗanye yana zuwa da baƙi

Kashin awaki da na shanu taki ne mai kyau, sai dai 'ya'yan ciyayi da yawa suna ratsa cikin dabba su fito da ransu. Wanda ya zuba ɗanyen taki a fili, da hannunsa ya shuka ƙarangiya da tafasa. A tara shi a rami, a jiƙa, a bar shi ya ruɓe tukuna. Takin zamani na yuriya kuwa, idan aka barbaɗa shi a busasshiyar ƙasa cikin rana ba a bi da ruwa ba, ƙona ganye yake yi. Wani abin lura: kirikiri ɗan rana ne, ba ya yin kyau a ƙarƙashin inuwar dogon yaro mai duhu.

12. Aya-aya ba ciyawa ba ce

Duk mai lambu a fadamar Rima ya san ta. Ka cire yau, jibi ta dawo. Tsinko ƙararta ka murza tsakanin yatsu biyu, za ka ji kusurwa uku, alhali karan ciyawa ta gaskiya a mulmule yake. 'Yar uwar ayar da muke ci ce, da kuma kajijin da mata ke sawa a turaren wuta. Masana sun sa ta a sahun farko na ciyayin da suka fi addabar manoma a duniya. Sirrinta yana cikin ƙananan ƙwayoyin da take jerawa a ƙarƙashin ƙasa. Idan ba a tono su an shanya a rana ba, an yi aikin banza. Bazara ce lokacin da ya fi dacewa da wannan, domin zafin rana yana kashe su.

13. Burgu yana tsere da ambaliya

Idan ruwa ya cika fadama, yawancin tsirrai nutsewa suke yi. Burgu kuwa ƙara tsawo yake yi yana bin ruwan, karansa mai rami yana yawo a sama, har ya kai mita da dama. Idan ruwa ya janye, ya bar wa shanu abinci mai zaƙi a lokacin da jigawa ta zama ƙura. Darajarsa ta kai a ƙasar Masina ta Mali, Shehu Amadu, wanda ya kafa daularsa a 1818, ya tsara dokokin shiga makiyayar burgu garke bayan garke. Nan gida, Wurno da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar ribaɗi, inda kuma aka binne shi a 1837, tana kallon fadamar Rima ne, wurin da doki da saniya ke samun haki har cikin rani.

14. Gamba ta tafi duniya da sunanta na Hausa

Gambar da muke saƙa zana da ita, haka Turawa ma suke kiranta, gamba. An kai ta Kudancin Amurka, inda ta zama abincin shanu a Barazil da Kolombiya. An kai ta Ostireliya, can kuma ta fi ƙarfinsu. Ta yi tsawon da ya kai mita 4, tana haddasa gobarar daji mai tsanani, har hukuma ta sa ta cikin ciyayin da ake yaƙa. A nan kuwa masu yankan zana sai sun ƙara nisa cikin daji kafin su same ta. Ita kuma jema, da ake saƙa faifai da ita, saiwarta tana nutsawa tsaye cikin ƙasa, shi ya sa jerinta yake tare zaizaya a bakin gona da gefen kwazazzabo.

15. Ƙarangiya ta taɓa ceton rayuka

Babu yaron da ya yi kiwo a jigawar Rabah da bai san zafin ƙarangiya a ƙafa da bakin wando ba. Amma cikin wannan ƙaya akwai 'yar ƙwaya mai gina jiki. A shekarun yunwa, mutanen Sahel daga Nijar zuwa Sudan sun sussuke ta sun daka sun yi abinci. Tun tana ɗanya, kafin ta fitar da ƙaya, dabbobi suna cinta sosai. A tsakar gida kuwa, a tuge ta kafin ta yi 'ya'ya, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mai karatu, bazara lokacin shiri ne. A share fili, a tono aya-aya, a ruɓar da taki, a gyara hanyar da ruwan alwala zai bi. Idan ruwan sama ya zauna a watan Yuni ko farkon Yuli, a samo 'yan jijiyoyin kirikiri daga bakin lambu, a dasa su da tazarar tafin hannu, a danne da ƙafa. Kafin kaka za su haɗe su rufe ƙasa, su rage ƙura da zafi, yara su sami wurin zama, rago ya sami abin taɓawa. Ka shuka daidai ruwan da kake da shi, ka kuma zaɓi ciyawar da ta san ranar ƙasarmu. Allah Ya kai mu damina lafiya, Ya sa ta zo da albarka.