Mahuta da Dukiyar da Ba a Tambaya

Yau zancenmu a kan Mahuta yake. Garuruwa biyu ne ke amsa wannan suna a kudancin ƙasar Katsina. Ɗaya yana cikin ƙaramar hukumar Kafur, wajen Malumfashi, ɗayan kuwa yana cikin ƙaramar hukumar Dandume, gaba da Funtua. Dukansu ƙasar noma ce, ta masara da dawa da auduga da waken suya, kuma abin da ke damun ɗaya shi ke damun ɗan'uwansa. In damina ta yi nisa sai hanyoyin ƙauyuka su ɓaci, mota ta ƙi shiga, kuɗin dako ya cinye ribar manomi tun buhunsa bai kai kasuwa ba. Sai ka ji ana cewa gwamnati ta manta da mu. To, wace gwamnati ke nan? Kuma wa ya taɓa zuwa ya tambaye ta?

Bari mu koma baya kaɗan, don mu ga inda igiyar ta tsinke. A zamanin En'e kowane baligi ya san haraji, kowane mai shanu ya san jangali. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai Baitulmali a Katsina, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, tana cikin na farko a Arewa. Ba mu ce zamanin daɗi ne ba. An sha ɗaure mutum a rana saboda haraji, an sha sayar da akuyar gida don a biya. Amma talaka ya san daga aljihunsa kuɗin ya fita, saboda haka in ya ga an haƙa rijiya ko an gina ɗakin shan magani, ya san guminsa ne ya komo.

A 1976 Gwamnatin Tarayya ta yi gyara, ta kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a ƙasa baki ɗaya, aka raba hakimai da dagatai da baitulmali. A 1979 Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, lokacin kuwa Katsina tana cikinta, don ba a ba ta jiharta ba sai 1987. Talakawa suka yi murna, kuma sun yi gaskiya. Sai dai tun daga nan yawancin kuɗin ƙaramar hukuma daga asusun tarayya yake zuwa, kuɗin man fetur da na kwastan da sauransu. Da yake ba a zo ƙofar gidan kowa an karɓa ba, sai mutane suka ɗauke shi dukiyar da ba ta da mai ita. In an yi musu aiki su ce kyauta ce, in ba a yi ba su ce rabo ne bai tsaga ba.

Alhali kuwa malamanmu sun san ba haka magabata suka ɗauki al'amarin ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Usulus Siyasa ne domin Sarkin Katsina Umarun Dallaji, kuma cikin abin da ya ɗora wa shugaba akwai raya ƙauyuka, da kula da kasuwanni da hanyoyi, da tallafa wa masu sana'a. Watau waɗannan haƙƙi ne a wuyan mai mulki, ba alheri ba ne da zai yi in ya ga dama.

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ma bai yi nisa da wannan ba. Ya ɗora wa ƙaramar hukuma kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, da maƙabartu, da kwashe shara, da rajistar haihuwa da mutuwa, da hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa. Ya kuma sa hannunta cikin makarantun firamare da kiwon lafiya da raya noma. Duk abin da mutumin Mahuta ke kuka da shi safe da yamma, in ka ɗebe tsaro, kusan yana cikin wannan lissafi. Domin waɗannan ayyuka ne ake ware wa ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, ana rabawa kowane wata. Jihar Katsina tana da 34 daga cikinsu, da mazaɓu 361, kowace mazaɓa da kansilanta.

To, ina kuɗin ke maƙalewa? Tsarin mulkin da ya ba su rabo, shi ne kuma ya ce a zuba shi cikin asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Ta wannan ƙofa gwamnatocin jihohi suka riƙe linzami shekara da shekaru. A nan Katsina ma an rushe zaɓaɓɓun shugabanni a 2015, Kotun Ƙoli ta ce a 2021 rushewar ta saɓa wa doka, ba a kuwa sake zaɓe ba sai Afrilun 2022. Wanda ba ƙuri'arka ce ta ɗora shi ba, da wane baki za ka tuhume shi? Ran 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu haramun ne. An shiga 2025 ana ta ja-in-ja a kan yadda za a zartar, a watan Fabrairun shekarar kuma Katsina ta sake zaɓen ciyamomi da kansiloli.

Amma ko da kuɗin ya sauka Kafur ko Dandume ba tare da ya ratsa Katsina ba, wannan bai tabbatar da zai isa Mahuta ba. An gajarta masa hanya ne kawai. In ba mai tambaya, abin da aka saba ci a birni sai a koma ci a sakatariya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma shirun talaka shi ne warin.

Kada wani ya ce mutanen ƙauye ba su iya haɗa kai ba. Daren 19 ga Disamban 2020 'yan bindiga suka tare ɗaliban Islamiyya kimanin 80 na Mahutar Dandume, suna komowa daga Maulidi, suka kora su daji. Kwana kaɗan ke nan da kwashe ɗaliban Ƙanƙara. Mutanen gari da 'yan sintiri ba su jira gari ya waye ba, suka bi sawu tare da 'yan sanda, aka ƙwato yaran. Jama'ar da ta iya bin mai bindiga cikin dare saboda 'ya'yanta, ba za ta kasa zuwa ofishin ciyaman da rana tsaka ba saboda ajin da waɗannan 'ya'ya ke zama a ƙasa.

Ga abin da ke hannunmu. Na farko, a san adadi. Abin da aka ba kowace ƙaramar hukuma kowane wata ba asiri ba ne, ofishin Babban Akanta na Tarayya da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suna bugawa, kuma duk yaro mai wayar hannu zai iya nemo shi a intanet ya karanta wa dattawa. Na biyu, a kira kansila ƙofar gidan dagaci, ko da sau ɗaya cikin wata uku, ya faɗi abin da aka sa wa mazaɓarsa cikin kasafin kuɗi, a rubuta, ko da ajami ne, a ajiye. Na uku, in an ƙi ba da amsa, a rubuta takarda. Dokar 'yancin samun bayani ta 2011 ta ce a amsa cikin kwana 7, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta ce dokar ta hau kan jihohi ma. Na huɗu naku ne, 'yan kasuwa. Kuɗin rumfa da na tasha da na kara da kuke biya ran kasuwa, shi ma haraji ne. Kada ku ba da ko naira ɗaya sai da rasit, ku kuma tambayi abin da aka tara a shekara, da abin da ya komo cikin kasuwar.

Ku kuma malamai, ku ne aka fi saurara. Kun karantar da mutane hukuncin dukiyar maraya da ta wakafi, har ba mai ƙarfin halin taɓa su a fili. Ku karantar da su cewa dukiyar jama'a 'yar'uwarsu ce, kuma tambaya a kanta cikin ladabi ba fitina ba ce, ba kuma raina shugaba ba ne. Shugaba mai amana murna zai yi da mai tambaya, don shi ne shaidarsa. Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu kuma ya ba mu ikon tuna musu.