Kunnen Baƙo: Yadda Malaman Kiɗa a Amurka Ke Gyara Hannun Ɗalibansu

A Amurka, yara da yawa da suka iya fiyano a falon wata malama suka koya, sau ɗaya a mako, rabin awa ko awa guda, iyaye na biya daga aljihunsu. Malamar nan ba ta da hedimasta, ba sufeton da ke leƙo ta, ba ɗakin malamai inda za ta kai kuka idan yaro ya gagare ta. Daga ita sai fiyanonta. In tana da wani aibu a koyarwa, haka za ta yi ta zuba shi cikin yara shekara da shekaru, ba mai ce mata uffan.

A 1876 wani malamin kiɗa mai suna Theodore Presser ya tara abokan sana'arsa a garin Delaware da ke jihar Ohio, suka kafa Music Teachers National Association, wadda aka fi sani da MTNA. Yau hedikwatarta tana Cincinnati, tana da reshe a kowace jiha, tana buga mujallar American Music Teacher, tana kuma ba malamin da ya cika sharuɗɗa takardar shaidar ƙwarewa. Ni dai a ganina duk wannan ado ne. Aikin gaske yana ƙananan rassanta na gari-gari, kimanin 500, inda malaman yanki ɗaya ke haɗa kuɗi da kai su yi abin da mutum ɗaya ba zai iya ba.

Babban abin da suke sayo wa yaro da kuɗin nan shi ne kunnen baƙo. Reshe zai kama zauren coci ko na kwaleji, ya sa rana, ya gayyato alƙali daga wani gari wanda bai san yaran ba, bai kuma ci gishirin iyayensu ba. Kowane yaro ya hau ya kaɗa abin da ya haddace, alƙali ya rubuta masa takarda: hannun hagu ya danne na dama, ka yi gaggawa a tsakiya, ƙarshen ya yi daɗi. Sa ranar kaɗai ma magani ce, domin yaron da ya san ran Asabar kaza zai zauna gaban mutane ba sai an bi shi da faɗa kafin ya yi bita ba.

Amma wadda takardun suka fi yi wa magana ita ce malama. Idan ɗalibanta shida suka dawo da gyara iri ɗaya a kan hannun hagu, ta san ba laifin yara ba ne. A taron reshe sai ta tambayi wadda ta girme ta a sana'a yadda take ɓullo wa abin. Wani lokaci kuma a kawo gwani ya koyar da yaro ɗaya a bainar jama'a, malamai na zaune suna kallon yadda yake kwance ƙullin.

Makaɗanmu na gargajiya ba su san matsalar rashin kunnen baƙo ba. Yaron makaɗi tun yana ɗan amshi yake bin ubangidansa fada da gidan biki, jama'a ne alƙalansa, in ya yi kuskure a take zai gani a fuskoki. Shi kuwa ɗan fiyano sai an shirya masa jama'ar.

Inda nake da ja shi ne gasa. MTNA na gudanar da ita hawa uku: jiha, shiyya, sannan ƙasa baki ɗaya. Ta fitar da zaƙaƙurai, ba musu. Sai dai malamar da kofi ya rufe wa ido takan tsare yaro a kan kiɗa biyu ko uku shekara guda, ya goge su sumul, amma a miƙa masa sabuwar takardar kiɗa ya tsaya yana zare ido. Shi ya sa na fi ganin ƙimar jarrabawar da rassan jihohi da dama ke shiryawa mataki-mataki, wadda ke gwada ƙa'idojin kiɗa, da saurare, da karanta abin da yaro bai taɓa gani ba. A can ba a neman na ɗaya. Kowane yaro da matakinsa ake auna shi, baɗi kuma ya dawo ya nemi na gaba.