Ko Ka San Wane Ne Ferguson Ɗin Da Ke Jikin Tarakta?

Da zarar noman rani ya kankama a Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga ke bi ta kanal yana shiga gonaki, za ka ga jajayen taraktoci suna kaftu da haro a filayen shinkafa da alkama da tumatir. Da yawansu Massey Ferguson ne. Ko ka san sunayen gidaje biyu aka haɗa?

Massey na Daniel Massey ne, wanda ya buɗe maƙerar kayan noma a Kanada a 1847. Ferguson kuwa sunan zuri'a ne daga Sikotlan, ma'anarsa ɗan Fergus, kamar yadda muke cewa Ɗanfodiyo ko Ɗantata. Shi Fergus a harshen Gelik yana nufin namiji mai ƙarfi. Da yake masu wannan suna suna da yawa tun dā, Fergusonawa ba kaka ɗaya suka haɗa ba: akwai na Ayrshire, akwai na Perthshire da Argyll, kowa da tushensa.

Ƙaura ce ta yaɗa sunan. Daga 1609 mutanen Sikotlan suka yi ta tsallakawa arewacin Ailan, jikokinsu suka wuce Amurka da Kanada da Ostireliya. A Jamaika da kudancin Amurka, bayi da yawa sun tashi da sunan iyayen gijinsu. Har Gana ya iso: George Ekem Ferguson, Bafante ɗan Anomabu, ya zana taswirar arewacin ƙasar kafin a kashe shi kusa da Wa a 1897. Masu kallon ƙwallo kuma sun san Alex Ferguson, ɗan Glasgow.

Na jikin taraktar shi ne Harry Ferguson, ɗan manomi da aka haifa a arewacin Ailan a 1884. Aikinsa ya cancanci kowane direban tarakta ya san shi. A dā, garma janta ake yi a bayan mota. Idan ta sarƙe da dutse ko saiwa, sai gaban taraktar ya ɗaga sama, wani lokaci ta kifa ta danne direba. An yi asarar rayuka a haka. Ferguson ya ɗaure garmar da hannu uku, biyu a ƙasa, ɗaya a sama. Idan garma ta ci tura, hannun sama ne ke danne gaban motar ƙasa. Idan ƙasa ta yi tauri, haidirolik ya ɗan ɗaga garmar da kansa, nauyinta ya koma kan tayoyin baya, su ƙara kama ƙasa. Ta haka ƙaramar tarakta ke yin aikin babba, kuma a ganina wannan ne ya sa ta dace da ƙananan gonaki irin namu, inda juyawa a bakin kunya ke da wuya.

Ƙaramar taraktarsa mai ruwan toka, TE20, ta fara fitowa daga Coventry a 1946, aka ƙera fiye da 500,000 cikin shekara goma. A 1953 kamfaninsa ya haɗe da Massey-Harris, kamfanin gidan Massey. Ya rasu a 1960, kuma yau kusan kowace tarakta, ta John Deere ce ko ta Mahindra, da hannu ukun nan take ɗaukar garma.